Rabo daidai ko awon asara: wace hanya ta fi wa mai sayen hannun jari?

Ɗan kasuwar Yamai da ya ware sefa miliyan 1 domin sayen hannun jari a BRVM, kasuwar hannun jari ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa da ke Abijan, yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya raba kuɗin gida biyar, jika 200 ga kowane kamfani. Tana da sauƙin lissafi, amma tana auna kamfani mai natsuwar farashi da mai yawan tangal-tangal da mudu ɗaya.

Ta biyu daga asara take farawa. Mutum ya yanke cewa ba zai yarda ya rasa fiye da kashi 2 cikin ɗari ba, wato jika 20, a kan kamfani guda. Idan ya sayi kowane hannu a jika 10, da niyyar sayarwa in farashi ya sauka zuwa jika 8, to hannu 10 kaɗai zai ɗauka, domin asarar jika 2 a kan kowane hannu sau 10 ita ce jika 20. Wannan na fi amincewa da ita, ko da yake tana da rauni: wasu hannayen jarin BRVM ba su cika samun masu saye ba, kuma ranar da ya nemi fita, farashin yana iya faɗuwa ƙasa da iyakar da ya sa kafin dillalinsa ya samu mai karɓa.