Bargon ƙyallaye: ina za ki samo kayan, kuma yadi nawa zai ci?

Duk shekara sai hunturu ya kankama a Zariya, hazo ya rufe gari, sannan ake tuno da bargo, lokacin kuma 'yan kasuwa sun riga sun ɗora masa kuɗi. Ni dai na fi shekara uku ina haɗa nawa da ƙyallaye, irin wanda ake jona guntayen atamfa a sa abu a tsakiya a ɗinke, to bari in faɗa miki inda nake samo kayan da inda na sha wuya, tun kafin ki zubar da kuɗinki.

Ki fara da lissafi kafin ki hau Keke Napep. Gadon nan namu ƙafa 6 da 6 inci 72 kenan kowane gefe, ki ƙara inci 9 ta ko'ina don ya ɗan sauko, ya zama 90 da 90. In kina so kowane gida, wato guntun atamfa mai kusurwa huɗu, ya fito inci 6 bayan ɗinki, layi 15 za ki yi, kowane layi gida 15, gida 225 kenan. Amma inci 7 za ki yanka ba 6 ba, saboda rabin inci ta kowane gefe ɗinki zai cinye, telolinmu ba su saba kama baki siriri ba. Faɗin atamfa yana kai inci 45 ko ya ɗan ɗara, yadi kuma inci 36 ne, kin ga yadi ɗaya zai ba ki gida 30. Ki raba 225 da 30, yadi 7 da rabi. Ni 9 nake sa wa a rai, don auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, almakashi kuma sai ya kuskure. Wannan fa fuskar ce kawai, bayan ma zai ci kusan turmi guda mai yadi 6.

To ina za a samo yadi 9 ɗin nan? Ni wallahi ba abin da ya kai min ƙyallen tela. Ki bari sai an yi ƙaramar Sallah da kwana biyu ko uku, bayan teloli sun kwana wata guda a kan keke, ki zaga shagunan masu ɗinkin mata a Tudun Wada ko Sabon Gari ko nan unguwarku ma, za ki tarar da buhu a bayan ƙofa an danna guntaye har ya ƙi rufuwa. Atamfar Sallah ce, wacce mutane suka zaɓa da idonsu suka biya da tsada, har guntun Holan kina iya tsinta a ciki, abin da ni ban isa in saya turminsa in sa wa almakashi ba. Kuma kala ba irin wacce babu. Telan da nake zuwa wurinsa dattijo ne, ranar farko da na ce Baba don Allah ƙyallen nan nake so, sai ya ɗago ta saman tabarau ya ce 'yata filo za ki cusa? Da na yi masa bayani dariya ya yi ya ce in kwashe, sai dai in ba yaron shago na goro. Yanzu har ware min manyan yake yi. Amma kar ki makara, masu cusa filo da matashi su ma suna bi suna kwasa, wani wurin kuma an gane ana so, sai da kuɗi.

Wahalarsa ɗaya, tsinta. Ki yanko kwali inci 7 da 7 ki tafi da shi a jaka, duk guntun da bai rufe kwalin ba kar ki sa shi a lissafi. Daga buhu guda, da yawa ƙananan guntayen wuya da hannu ne da ba za su yi miki komai ba, shi ya sa buhu biyu ko uku nake tarawa. Ki cire leshi da duk wani mai santsi ko mai talewa, ba sa zama lafiya da atamfa, wanki ɗaya ɗinkin zai karkace. Shadda tana shiga in ba mai kaurin nan ba ce.

Gwanjo kuwa bayan bargon nake saya a can, babban zanin gado na auduga guda ɗaya ba sai kin yi jone ba, ki ɗaga shi a rana ki duba tsakiya ko ya sude. Har tsohon bargo mara nauyi na sawa a ciki nan za ki samu, ya fi min soso nesa ba kusa ba, soso zafi ne da shi kuma yana marmashewa. Sabuwar atamfa ta shago ban ma sa ta a layi ba, mai kuɗin da za ta sayi turmi biyar don kawai ta samu kala biyar ba ta bukatar shawarata. Kantin Kwari kuma sai in sari za ki yi, in ba haka ba kuɗin motar Kano ya cinye rangwamen.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Bargona na biyu na ƙanwata ne da za a kai ta ɗaki, ƙyallen ja ya gaza min, na shiga kasuwa na sayi yadi biyu a wurin wani mai tebur, yana ta rantsuwa Hajiya wannan auduga ce zalla ba ta zuba. Na yi sati uku ina jonawa. Wanki ɗaya fa, ruwan baho ya koma kamar zoɓo, duk fararen gidajen suka rine. Na zauna a bakin rijiya kamar in yi kuka. Kuma na jiƙa shi da gishiri kafin nan yadda ake cewa, bai hana komai ba. Tun daga ranar ba na sayen ja ko shuɗi mai duhu sai na jiƙa farin hankici na goga a gefen, in ya kama kala na ajiye masa kayansa ko zai rantse da me.

Sai ta roba-robar nan da aka cika kasuwa da ita tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe. Ido ba ya raba ta da ta auduga, an sa mata sitaci ta yi kyau, an manna sitika mai walƙiya, kuma sitika ai kowa na iya bugawa. Ki zare ɗan zare daga bakin ki kai masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri tana warin leda. In mai kaya ya hana ki gwadawa, kin samu amsarki. A bargo ita ce ke sa gumi, dutsen guga kuma in ya yi zafi ya manne mata.

Awo ma ki sa ido. Wani yana ja yana talewa yana aunawa, kina zuwa gida yadi biyu ya rasa tafin hannu guda, turmin da aka ce 6 ne ki tarar 5 da rabi. Ki tafi da tef ɗinki, ba rashin kunya ba ne. Buhun ƙyalle na sayarwa kuma kar ki yarda da na sama, ki ce a zazzage a gabanki, na taɓa biyan kuɗin buhu na zo gida na tarar rabinsa na ƙasa tsummokaran shafi ne da zare da sharar shago har da ɓawon gyaɗa.

In kin tara kayanki ki wanke komai kafin ki sa almakashi, masu duhu daban masu haske daban, ki goge, sannan ki ɗora kwalinki ki fara yanka. Ki ƙirga 225, ki ƙara kamar 15 ki ajiye a leda don ranar da wani gida zai yage.