Katun ko Three Stooges, wanne ya dace da shagon aski?

Ɗan uwa mai aski na Agege, jiya ka tambaya cikin tsofaffin gajerun finafinan barkwancin Amurka masu kwaikwayon shahararrun mutane wanne za ka sauke wa masu jiran layi, na katun ko na mutane. To ni dai na mutane zan ce maka.

Ɗauki katun ɗin Hollywood Steps Out na Warner, 1941, Tex Avery ya shirya shi, mai kala ne kuma ko minti goma bai kai ba, data ba za ta yi kuka ba. An zana taurarin lokacin ne suna shaƙatawa a gidan rawa na Ciro's, Clark Gable da kunnuwa kamar faifai, Greta Garbo da zabga-zabgan ƙafafu, zanen kam ba magana. Matsalar ita ce dariyar tana ga wanda ya san fuskokin, mu ko waye ya san Garbo a Agege? Kamar ka kwaikwayi muryar marigayi Ibro ne a gaban wanda bai taɓa kallon fim ɗin Hausa ba, ido kawai zai zuba maka. Ni kaina sai da na riƙa tsayar da shi ina duba sunaye a Google, kafin in gane wasan dariyar ta huce.

Shi ko You Nazty Spy na 'yan barkwancin nan uku da ake kira Three Stooges, kamfanin Columbia, baƙi da fari ne, wajen minti 18. Ɗayansu Moe Howard ne ya fito a Hitila, gashin bakin nan da taje gashi gefe guda da ihun jawabi, wai masu liƙa takardar bango aka ɗauko aka ba su mulkin wata ƙasa Moronika. A Janairun 1940 ya fito fa, wata tara kafin The Great Dictator, fim ɗin da ɗan barkwanci Charlie Chaplin shi ma ya kwaikwayi Hitila, lokacin Amurka ma ba ta shiga yaƙin ba sai Disambar 1941, ka ga an yi ta maza. Hitila kuwa har ɗan sakandare ya san shi, sannan mari da tsokane ido ba sa neman fassara, ko janareta na ƙara an rasa sauti za a yi dariya. Turancin nasu dai da sauri yake, wasu zolayar za su wuce mutum.

Katun ɗin ajiye wa yara ranar Asabar, kala da kiɗan sun ishe su. Amma in ka saka na Stooges ka ɗaga kilifa daga kan mutum in an zo ƙarshe wajen da zakuna suka cinye su, kar dariya ta sa ka zabtare masa gefen kai.