Garin waken soya a abincin kifin istajin: ina ya biya, ina ya gaza

Garin waken soya da aka tatse mansa shi ne abin da masu haɗa abincin kifi ke fara kai wa hannu idan garin kifi ya yi tsada. A wajen istajin, kifin ruwan sanyin nan da ake kiwo a Sin, Italiya da Faransa saboda ƙwansa mai tsada, hukuncinmu shi ne: mataimaki ne mai arha, amma bai isa ya gaji garin kifi ba.

Furotin ɗinsa kashi 44 zuwa 48 ne cikin ɗari, na garin kifi kuwa ya haura 60. Istajin mai tasowa yana son kusan kashi 40 a abincinsa, don haka a takarda lissafin ya fita. A cikin hanji ne ake samun cikas. Waken na ɗauke da sinadarin da ke hana narkewar furotin, kuma zafi ne ke kashe shi. Gari mai fari fat, mai ƙanshin ɗanyen wake, bai gasu ba. Wanda ya yi duhu kamar an ƙona ƙuli kuma an lalata masa laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da kifi ke buƙata. Na tsaka-tsaki, mai ruwan zuma, shi ake saye.

Babbar damuwar ita ce fosforas, sinadarin da ke gina ƙashi. Yawancinsa a ɗaure yake cikin sinadarin faitet, kifi ba ya iya cin moriyarsa, sai ya bi kashi ya gurɓata ruwa. Ƙananan kifaye su daina girma, wasu bayansu ya lanƙwashe, kuma wanda ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Maganin shi ne a ƙara fosfet (gishirin fosforas), ko a fesa inzayim ɗin faites, sinadarin da ke kwance fosforas daga faitet, bayan ƙwayar abincin ta fito daga inji, domin zafin injin na kashe shi. Metiyonin, wani tubalin furotin, ma ya yi ƙaranci a waken, tawurin kuwa, sinadarin gina jiki da ake samu a garin kifi, babu, dole a zuba su.

Ga matan istajin da ake ajiyewa shekara bakwai ko fiye ana jiran ƙwai, a yi hattara: waken na da jenistin, mai kwaikwayon sinadarin jinsin mata, kuma an ga tasirinsa a jinin istajin Saiberiya. Ragin kuɗin buhu bai kai asarar shekara bakwai ba. A nan gara tataccen furotin soya mai kashi 65, wanda aka wanke da barasar masana'anta, duk da tsadarsa.

Mai kiwon tarwaɗa ya saba da abinci mai yawo a saman ruwa. Istajin bakinsa a ƙasa yake, ba haƙori, da gashin baki huɗu yake lalube a gindin tanki, don haka ƙwayar dole ta nitse kuma kada ta wargaje kafin ya iso. Alkama kaɗan a haɗin na riƙe ta. Buhun da ya ji laima ya dunƙule, a zubar, kada hantar kifin ta biya.