Zagayen gidan sistoci na Santa Catalina a birnin Arequipa na ƙasar Peru: a ɗauki ɗan jagora

Tikitin shiga daban, kuɗin ɗan jagora daban, kuma zagayen da shi kan ɗauki kusan awa ɗaya. Ya cancanci kuɗinsa. Gidan ya kai faɗin murabba'in mita 20,000, da lunguna masu sunayen biranen Sifen irin su Kordoba, Toledo da Sabiya. Mai shiga shi kaɗai zai cika waya da hotunan bango ja da shuɗi, ya fito bai san abin da ya gani ba.

An kafa shi a 1579 a kudancin Peru, shugabarsa ta farko wata attajira ce da mijinta ya rasu, María de Guzmán. Lokacin dokar kullen sistoci da babban taron cocin Katolika na Trent ya tsananta a 1563 tana aiki, shi ya sa ɗakin ganawa yake da shingen katako ninki biyu, da wani akwati mai juyawa a jikin bango da ake miƙa kaya ta cikinsa ba a ga juna ba.

Inda zagayen ya fi armashi shi ne ɗakunan sistocin. Bayan girgizar ƙasa ta yi ɓarna, iyalai masu hali suka riƙa gina wa 'ya'yansu sassa na kansu, kowanne da madafa da tandar ƙasa da makwancin baiwa ko 'yar aiki. A ɗaga kai a dubi rufin madafar, har yau baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Wurin wanki kuwa rabi-rabin manyan randuna ne guda 20, an jera su gefen magudana; a tare ruwan da tafin hannu sai ya karkata cikin randa. Wannan zama na daula ya ƙare a 1871, da aka tilasta kwana da cin abinci tare.

Matsalar ita ce wasu 'yan jagora sun fi zaƙewa kan labaran shagali, su yi saurin wuce batun bayin da suka ɗauki nauyin gidan. Sai an tambaya.

Birnin yana sama da mita 2,300 daga teku, matakalar hawa rufin kuma tana da tsayi, a bi a hankali. An buɗe wa jama'a gidan a 1970, amma sashen da sistoci ke zaune yanzu ba a shiga.