Akwatin ƙwallayen molikul: inda ya yi wa ɗalibin Oganik amfani da inda ya gaza

Akwatin roba ne ɗan madaidaici mai murfi, yana shiga jakar hannu. A cikinsa akwai ƙwallaye masu huji, launi-launi, da 'yan sandunan roba iri uku: gajeru, matsakaita, da dogaye masu lanƙwasuwa. Da su ake gina siffar molikul a riƙe a hannu, a juya shi ta kowane ɓangare. Ta intanet na saye shi saboda darasin Oganik, wato kemistirin sinadarai masu kabon, da nake koya wa 'yan SS2 da SS3, da kuma wasu 'yan jami'a da ke zuwa mini lesin da yamma. Babu sunan wani kamfani a jikinsa. Irin waɗanda ake kwaikwayon Molymod na Ingila ne, wanda ya yi suna a makarantun duniya, sai dai nawa ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Tun da na fara shiga aji da shi malamai 'yan'uwana ke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amsata ita ce ta biya, amma a sashe ɗaya na darasin kawai, kuma ya kamata mai saye ya san wane sashe ne kafin ya fitar da kuɗinsa.

Launukan sun bi tsarin da aka sani: kabon baƙi, haidirojin fari, oksijin ja, naitirojin shuɗi, kulorin kore, salfa rawaya. Tsarin tsoho ne. Tun a 1865 masanin kemistiri August Hofmann ya tsaya gaban jama'a a Landan da ƙwallayen katako da ya shafa wa fenti yana nuna yadda atom ke haɗuwa, kuma yawancin launukan da ya zaɓa su ake bi har yau. Na ji daɗi da mai ƙera akwatin bai ƙirƙiro nasa ba, don duk hoton da yaro zai gani a littafi ko a waya zai dace da abin da ke hannunsa.

Babban abin da akwatin ya yi mini shi ne ƙwallon kabon ɗin nan mai huji huɗu. A allo muna zana miten, CH₄, kamar alamar tarawa: C a tsakiya, H a sama da ƙasa da dama da hagu. Yaro ya kwafa, ya haddace, ya tafi da yaƙinin cewa kusurwar digiri 90 ce kuma molikul shimfiɗaɗɗe ne. Daga baya ka ce masa kusurwar 109.5 ce, ya ƙara haddace wannan ma, ya ajiye kusa da waccan, ba tare da ɗaya ta kori ɗaya ba. Ranar da na miƙa wa wata ɗaliba baƙin ƙwallo da farare huɗu na ce ta haɗa, sai ta ɗora shi a kan tebur tana dannawa don ya kwanta, ya ƙi. Ƙafa uku a ƙasa, ɗaya ta miƙe sama. Ta ce, "Malama, wannan ai ya ƙi kwanciya." Na ce mata haka yake, kuma abin da van 't Hoff na Holan da Le Bel na Faransa suka faɗa ke nan a 1874, kowa da nasa binciken. Gani ya kori ji. Rabin wahalar Oganik daga nan take fitowa: allo da takarda shimfiɗaɗɗu ne, molikul kuwa yana da gaba da baya da sama da ƙasa.

A wajen aisoma ma, wato molikul masu atom iri ɗaya da yawa ɗaya amma tsarin haɗuwarsu daban, ya yi rawar gani. Nakan zuba wa kowane rukuni baƙi biyu, farare shida, ja ɗaya, wato C₂H₆O, in ce su gina duk abin da zai ginu ba tare da huji ya rage ba. Abu biyu suke samu. A ɗaya jan ƙwallon yana gefe riƙe da fari, wannan shi ne etanol, ruwa ne da ke tafasa a digiri 78. A ɗayan jan yana tsakanin baƙaƙen biyu, wannan shi ake kira dimethyl ether, iska ce tun a zafin ɗaki, don tana tafasa a wajen digiri 24 ƙasa da sifili. Kaya iri ɗaya, wurin zaman oksijin ne kaɗai ya sauya. A nan ne maganar gungun aiki take shiga kai, wato 'yan atom ɗin da ke ba molikul halinsa. Sai mu cire OH ɗin da fararen biyu da ke kan kabon na ƙarshe, mu sa masa oksijin mai ɗauri biyu, wato wanda sanda biyu ke riƙe da shi, da wani OH, ya zama asid ɗin da ke cikin binega. Mu haɗa shi da etanol, mu zare fari biyu da ja ɗaya mu ajiye gefe a matsayin ruwa, abin da ya rage esta ne. Yaro yana ganin ruwan da ya fita a kan teburinsa, ba sai an ce ya tuna ya rubuta H₂O a ƙarshen layi ba. In ka juya aikin baya kuma, ka fasa estar da soda, ka shiga darasin sabulu, wanda da yawansu sun ga ana dafawa a gida da man ja ko man gyaɗa.

Akwai wani kuskure da na daɗe ina fama da shi a takardun yara. In ka ce su zana aisomomin fenten, C₅H₁₂, sai wani ya kawo maka biyar ko shida, alhali uku ne. Sarƙa ɗaya ce yake lanƙwasawa, yau ta yi sama, gobe ta yi ƙasa, yana ɗauka sabuwa ce. Da ƙwallaye a hannu yana murɗa sarƙar ya ga ta koma wadda ya riga ya gina. Ɗauri ɗaya yana juyawa. Ɗauri biyu kuwa, da aka yi da dogayen sandunan nan biyu, ba ya juyawa ko kaɗan, kuma wannan ƙin juyawar shi ne dalilin da ya sa biyut-2-in yake da siffa biyu, sis (CH₃ ɗin biyu a gefe ɗaya) da tirans (kowanne a gefensa). Ban taɓa samun wata hanya da ta fi wannan saurin fahimtar da shi ba.

Ga 'yan jami'a kuma amfaninsa ya ninka. Ɗauki kabon ɗaya ka sa masa abubuwa huɗu mabambanta, fari, ja, kore, shuɗi. Ka ajiye madubi a gabansa, ka gina abin da ka gani a madubin. Yanzu ka yi ƙoƙarin ɗora ɗaya a kan ɗaya launi ya dace da launi. Biyu za su dace, biyu su saɓa, ko ta ina ka juya. Nakan bar su su yi ta gwadawa har su gaji, don wanda ya gaji da kansa ba ya mantawa. Daga nan nake sa su gina tatarik asid, C₄H₆O₆, wanda shi ne ke kawo yawancin tsamin tsamiyar da muke dama kunu da ita. A kan gishirin wannan asid ɗin ne Louis Pasteur, yana ɗan shekara 25, ya zauna a Faris a 1848 yana tsince ƙanƙarar sinadarin ɗaya-ɗaya da ɗan matsefi, masu fuskantar dama gefe, masu fuskantar hagu gefe. Asid ɗin yana da kabon biyu irin waɗancan, don haka lissafi zai ce maka siffa huɗu za a samu. Uku ne. Biyu daga ciki, in ka gina su ka juya ɗaya, sai ka ga abu ɗaya ne, shi ne ake kira meso. A takarda ɗalibi yarda kawai yake yi da kai. Da akwatin shi yake gano abin da kansa, kuma fuskarsa tana nunawa.

Haka zoben saikuloheksen. A allo mai kusurwa shida ne shimfiɗaɗɗe. Kana rufe zoben da ƙwallaye shida sai ya tanƙware da kansa ya zama siffar da ake kira kujera, haidirojin shida a tsaye sama da ƙasa, shida a kwance ta gefe. Ka tura kusurwa ɗaya sama ɗaya ƙasa, na tsaye su koma na kwance. Hermann Sachse ya faɗi haka tun 1890 ba a saurare shi ba, sai da Derek Barton da Odd Hassel suka tabbatar da muhimmancin abin, har suka raba kyautar Nobel a 1969. Gwada kuma gina zoben kabon uku: sandunan matsakaita ba za su yarda ba, dole ka koma ga masu lanƙwasuwa, kana jin yadda suke turjiya a yatsunka. Wannan turjiyar ita ce dalilin da ya sa zoben ke saurin fashewa.

To, a zo ga mekanizim, wato matakan da molikul ke bi wajen sauyawa zuwa wani, wanda don shi wasu ke sayen akwatin. Guda ɗaya ne zan ce yana nunawa da kyau, wato SN2, inda sabon gungu ke kama kabon daidai lokacin da tsohon ke saki. Gina CH₃Br, ka kawo OH ta bayan kabon, daura da inda buromin yake. Hanya a buɗe take. Yanzu maye gurbin fararen uku da CH₃ uku, ka sake kawo OH ɗin. Babu mashiga, ƙwallaye sun tare ko'ina. Ɗalibi ya gane nan take dalilin da ya sa na farkon ke bin SN2, na biyun kuwa sai buromin ya fara ficewa tukuna, wato SN1, kamar yadda Hughes da Ingold suka tsara a Landan a shekarun 1930. Juyewar da kabon ke yi in an shige shi ta baya, wadda Paul Walden ya gano a 1896, ita ma ana iya nunawa: sauran ukun su kifu zuwa ɗaya ɓangaren kamar lemar da iskar hadari ta juya. Sai dai a akwatina ba a sa kabon mai huji biyar ba, wanda ake buƙata don nuna tsakiyar aikin, lokacin da OH bai gama kamawa ba buromin kuma bai gama saki ba. Babu kuma mai huji uku a shimfiɗe da zai tsaya a matsayin kabon mai cajin fositif. Aro nake yi daga wasu launuka, abin da ke rikita yara. Duk mai saye ya duba jerin kayan ya tabbata akwai waɗannan biyun.

Bayan wannan kuwa akwatin bebe ne. Mekanizim labarin ilekturon ne, daga ina suka tashi, ina suka sauka, kuma babu ilekturon ko ɗaya a cikin akwatin. Sanda ba ta nuna wane ɓangare ya fi jan ilekturon. Ba za ta gaya maka dalilin da ya sa in HBr ya hau furofin, C₃H₆, buromin ke zama a kabon na tsakiya ba, dokar da Markovnikov ya kafa a 1870. Wannan sai da fensir da lanƙwasassun kibiyoyi, ana zanawa ana gogewa. Abin da ya fi damuna shi ne benzin. Akwatin yana tilasta maka ka gina shi da ɗauri ɗaya, ɗauri biyu, ɗaya, biyu, irin zanen Kekulé na 1865, alhali ɗaurin shida duk tsawonsu ɗaya ne, kimanin fikomita 139 (ma'aunin tsawo ne ƙanƙani da ake auna atom da shi), tsakanin 154 na ɗauri ɗaya da 134 na ɗauri biyu. Yaron da ya riƙe wannan ginin zai ɗauka benzin zai kashe launin ruwan buromin kamar yadda etin ke yi, kuma ba ya yi. A wannan darasin nakan rufe akwatin in mayar da shi jaka. Sunayen sinadaran da ake zubawa, da zafin da ake buƙata, da launin da ke sauyawa a gwaji, su ma ba ruwansa da su.

Ingancin robar matsakaici ne. Gajerun sandunan suna kamawa ƙam, har sai ka nemi ɗan abin zarewa da aka sako a ciki, shi ma siriri ne, ya lanƙwashe tun da wuri. Da farce ake ƙarasawa. Matsakaitan kuma akasin haka: da zafin bazara ya yi yawa wasu suka saki, ka ɗaga dogon molikul wutsiyarsa ta faɗo. Fararen ƙwallayen ƙanana ne, ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci a aji mai cunkoso, sai an yi sa'a. Yanzu a faranti nake zuba wa kowane rukuni, in ƙirga kafin a tashi. Kabon ɗin ma bai wadatar ba. In ka gina gulukos ba abin da zai rage wa rukuni na gaba. A gida kuma a nesanta shi da ƙananan yara, don girman ƙwallayen daidai baki ne.

Akwai masu cewa yumɓu da tsinken tsintsiya sun isa. Suna yi wajen ƙirga atom da nuna wa ke riƙe da wa, kuma na yi aiki da su. Amma kusurwar da ka soka tsinken ita ce wadda ke kanka, in kanka 90 yake riƙe da shi to 90 za ka gina, ba kuma za ka ga kujera ta tanƙware da kanta ba. MolView, shafin intanet mai nuna siffar molikul da ake buɗewa kyauta a waya, yana ba da siffa daidai, har ya fi akwatin nuna girman atom, sai dai yana son data da caji, kuma juya hoto da ɗan yatsa bai kai riƙe abu biyu kana ƙoƙarin dace su ba.

Ɗan sakandaren da ke shirin WAEC ko NECO ko JAMB ba lallai ya sayi nasa ba. Abin da manhajarsa ke nema akwatin makaranta ɗaya ko biyu sun ishe shi, kuma shugabannin makarantu ya kamata su saya. Wanda zai karanta kemistiri, ko harhaɗa magunguna, ko likitanci, shi ina ba shi shawara ya nema tun shekarar farko, ko su haɗa kuɗi su uku ko huɗu. In da hali a sayi na asali, in babu irin nawa zai yi, muddin an duba masu huji uku da biyar ɗin nan. Duk abin da aka gina kuma a zana shi a takarda nan take, da layi mai kauri ga wanda ya nufo ka da ɗige-ɗige ga wanda ya yi baya, don ba da akwatin za a shiga ɗakin jarrabawa ba.