Rigar Amarya a Jirgin Sama: A Hannu, a Awo, ko a Tura Ta Gaba?

Duk amaryar da ta shigo shagona ta ce a Dubai za a yi dinarta, ko Alƙahira, ko kuma daga Landan take za ta sauko gida Kano, tun kafin mu taɓa maganar yadi nake tambayarta: wane jirgi za ki hau, kuma sau nawa za ki sauya a hanya? Rigar da muka yi wata biyu muna jera mata duwatsu da allura, tafiyar awa takwas ta isa ta lalata ta idan ba a yi shiri ba.

'Yar uwa, kada ki sayi jaka sai kin ɗora rigar a sikeli. Kilo 7 kacal Emirates da Qatar Airways suke yarda fasinjan ƙaramin aji ya shiga da shi cikin jirgi, Turkish Airlines kilo 8. British Airways ne mai sassauci, har kilo 23, in dai za ki iya ɗaga jakar sama da kanki. Faɗin jakar ma kowa da nasa: na Qatar santimita 50 da 37 da 25, na British Airways 56 da 45 da 25. Ki duba abin da tikitinki ya ce, don sukan sauya ƙa'ida. Rigar siliki marar ado ba ta da matsala. Amma irin tamu ta dina, mai dogon hannu, mai shafi biyu, ga duwatsu tun daga wuya har ƙasa, ga jela, ita kaɗai tana iya cinye kilo bakwai ɗin.

Ni dai zaɓina ƙaramin akwati mai taya, mai taurin baya, wanda za ki ja har kujerarki. Ba ya bari kayan wani su danne rigar, kuma ma'aikatan jirgi ba sa yi masa kallon baƙon abu. Illarsa nauyin kansa: yawancinsu kilo biyu zuwa uku ne tun ba a sa komai ba, don haka ki je kasuwa da ƙaramin sikelin hannu, ki ɗauki mafi sauƙi. Wajen shiryawa, ki juya rigar ciki ya koma waje don duwatsun su daina kama leshi, ki shimfiɗa ta a kan farin zanen gado na auduga da aka wanke, ki sa farar takarda mai laushi a kowane ninki. Jelar kuwa nannaɗe ta ake yi kamar tabarma, ba a karya ta. Ki guji ledar nan da ake zuƙe wa iska. Tana rage wuri, gaskiya ne, amma tana lanƙwasa ƙarafunan ƙugun riga, ta bar tamojin da guga ba ta fitarwa. In rigar ta fi ƙarfin sikeli, ki ce wa telanki tun farko ya yi jelar mai cirewa. Jiki ya bi ki a akwatinki, jela ta bi ƙanwarki a nata.

Jakar rataya mai dogon zif ita amare suka fi so, saboda ba nauyi kuma ninki ɗaya ake yi. Sai dai akwai wata magana da ke yawo, wai kowane jirgi yana da wurin rataye kaya. Wasu suna da shi, amma na fasinjojin babban aji ne, kuma alfarma ce ma'aikaciya za ta yi miki idan akwai sarari. Ba haƙƙinki ba ne. A ƙaramin aji jakar ratayar ita ce kayan hannunki, ba ƙari ba ce a kan akwati. A babban ajin Emirates ne aka yarda da ita a matsayin jaka ta biyu, muddin kaurinta bai wuce santimita 20 ba bayan an ninke. In ita kika zaɓa, ki sayi ta yadi mai shan iska, ki bar ledar da shago ya ba ki, sannan ki jira maƙwabtanki su gama sa akwatunansu kafin ki kwantar da ita a kansu.

Sai awo, wato a haɗa ta da manyan akwatuna ta tafi ƙasan jirgi. Nan ne zuciyata ba ta kwanciya. Wata amaryata ta yi haka a tafiya mai sauyin jirgi, ita ta isa ranar Laraba, akwatin ya iso Lahadi, dina kuwa an yi ta Asabar. Da rigar kamu ta fita, tana murmushi a hoto, amma ni na san kukan da ta yi mini a waya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan tafiye-tafiyen jirgin sama tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, ta ƙayyade diyyar kayan fasinja. Tun ƙarshen Disamban 2024 iyakarta kusan dala 2,000 ce, kuma ga duk kayanki ne, ba rigar kaɗai ba. Ba a ma ɗaukar akwati a matsayin ɓatacce sai ya kwana 21, sai fa in kamfanin ya amsa da kansa cewa ya ɓata. Wane biki ne zai jira haka?

Leshi, shadda, atamfa, lifaya, takalma da kayan anko duk su tafi awo, kilo 23 kowane akwati a yawancin tikiti. In dole ce ta sa babbar rigar ta bi su, ki nemi jirgin da ba ya sauka a hanya, ki isa da kwana huɗu ko biyar kafin biki, ki ɗauki hotonta, ki riƙe rasit, ki bayyana darajarta a wurin awo ko da za a caje ki ƙari. Idan akwatin bai fito ba, ko ya fito a fashe, kada ki bar filin jirgi sai kin cike takardar ƙorafi. Kayan da suka lalace kwana 7 ne wa'adin kai kukansu a rubuce.

Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne humra da turaren wuta da lalle. Kwalbar humra ɗaya ta buɗe a akwati, farar riga ta tashi aiki, don mai ne, ba ya fita. Ki raba musu akwati gaba ɗaya. Dama a yawancin filayen jirgi abin ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu.

Wasu kamfanonin suna sayar da kujera ta biyu don kaya masu daraja, amma sai an kira su an shirya tun da wuri, kuma kuɗin ya kusa na mutum guda. Turawa ta kamfanin aika kaya kuma tana iya maƙalewa a kwastan, a nemi haraji, ke kina can kina ƙirga kwanaki. Haya a garin bikin tana raba ki da duk wannan wahala, sai dai rigunan can sau da yawa buɗaɗɗu ne, sai kin sami lokacin da za a ƙara hannu da shafi.

Ki kula da gajeriyar tafiyar cikin gida, kamar Kano zuwa Abuja ko Legas. Idan ƙaramin jirgi ne, ma'ajiyar samansa ba ta ɗaukar akwati, a bakin ƙofa ake karɓa. Ki sa rigar cikin zanenta yadda za ki iya zaro ta ki rungume.

Ki haɗa da ƙaramar na'urar guga ta tururi. Filoginmu mai baki uku yana shiga soket ɗin Dubai da Landan, amma Istanbul da Alƙahira mai baki biyu ne, sai da adafta. Da kin shiga ɗaki ki rataye rigar a wuri mai tsayi, ki bar ta ta kwana, washegari ki bi ta da tururi ta ciki, nesa kaɗan da duwatsun da aka manna da gam.