Rumfar motar kwana: mai lantarki ko ta hannu?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin sayen motar nan mai ɗakin kwana a Amurka, ka ga ɗaya da rumfa mai maɓalli, ɗaya kuma da ta hannu, kana so ka san wadda ta fi.

Wajen sauƙi babu gardama. Mai lantarki tana da ɗan inji a bakin bututun da tampol ɗin ke naɗewa a kai, yana jan wuta daga batirin ɗaki. Danna kawai za ka yi. Sai dai ka sa ido: da zarar ka ga bututun ya bayyana, gezar gaba ta sauko tsaye, ɗauke yatsa. Wasu ba sa tsayawa da kansu, in ka ci gaba sai tampol ya fara naɗewa a baibai. Ta hannu kuwa sai ka kwance makullan hannuwanta, ka jawo igiya da sanda mai ƙugiya, ka ɗaga kowane gefe.

Inda magana take shi ne iska da ruwa. Yawancin masu lantarki a jikin mota kawai hannuwansu ke maƙale, ba ƙafa a ƙasa. Ta hannu kana iya sauke ƙafafunta ka kafe su da turaku, don haka ta fi jure iska. Amma in hadari ya taso da tsakar dare, mai maɓalli ya naɗe tasa daga cikin ɗaki, kai kana waje da tocila kana kokawa da igiya. Akwai masu na'urar jin iska da ke naɗewa da kansu, ni dai ba na sakankancewa da ita, don guguwa kan riga inji. Za ka bar wurin? Naɗe ta.

Ruwa kuma, kowacce ka saya, karkata gefe ɗaya ƙasa ya riƙa zuba ta can, nesa da ƙofa. A Dometic 9100, wani samfurin rumfa mai lantarki, akwai abin murɗawa a hannun rumfar: ka sassauta, ka ja ƙasa, ka ɗaure, kuma ka sake sassautawa kafin naɗewa. In ka bar ta shimfiɗe ruwa ya taru, nauyinsa na iya lanƙwasa bututun. Kada kuma a bar tampol a naɗe da danshi, fumfuna zai yi.

Ga mai yawan sauya masauki, mai lantarki zan zaɓa, da sharaɗi ɗaya. Kafin ka biya kuɗi, sa mai sayarwa ya nuna maka yadda ake naɗe ta in inji ya ƙi tashi. A rumfar Solera ta kamfanin Lippert, ana cire wata 'yar roba a kan injin, a juya notin inci 7/16 da ke ciki. Ajiye sifanar a mota tare da fiyus na ko-ta-kwana, domin da buɗaɗɗiyar rumfa ba ka hawa titi.